Tantin da zai cinye kuɗin tafiyarka

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Kano, shekarata 22. Mu uku muka yi shawarar idan an yi hutun ƙarshen shekara mu hau keke zuwa Birnin Kudu mu ga zanen da ke jikin duwatsu, muna kwana a hanya, zuwa da dawowa kamar kwana biyar. Ban taɓa irin wannan tafiya ba. Kekena na gwanjo ne mai giya. Ɗaya daga cikinmu yayansa ya aiko masa da tanti da jakar barci daga Ingila, duka biyun ba su fi kilo 2 ba, kuma kullum sai ya ce min in ban sayi irinsu ba nauyi zai karya ni a hanya in zame musu kaya. Na duba a intanet, tantin kaɗai zai cinye duk abin da na tara. In saya in tafi ba ko sisi, ko in haƙura da tafiyar? Mahaifiyata ma ba ta sani ba tukuna.

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka sayi tantin nan, kuma kada ka fasa tafiyar. Abin da ka tara zai ishe ka in ka san inda za ka zuba shi.

Abokinka bai yi ƙarya ba da ya ce nauyi yana gajiyar da mai keke, amma zo mu yi lissafi. A ce nauyinka kilo 65 ne. Keken gwanjo mai giya yakan kai kilo 15. Kayan kwana da tufafi da kayan gyara da ɗan guzuri, a ce kilo 10. Ga ruwa lita 3, shi ma kilo 3, tunda kowace lita kilo guda ce. Ƙafafunka za su tura kilo 93 ke nan. Tsakanin tanti mai tsada da na gama-gari, bambancin bai cika wuce kilo ɗaya da rabi ba, wato nauyin ledar ruwa uku, bai kai kashi 2 cikin 100 na abin da kake turawa ba. Wanda zai yini yana hawan duwatsun Alps na Turai zai ji wannan a gwiwarsa. Kai kuwa ƙasar Kano da Jigawa za ka ratsa, shimfiɗaɗɗiya, sai ɗan tudu da gangare nan da can. A irin wannan hanya, da zarar keke ya miƙe, iska ce ke riƙe shi fiye da nauyi.

Sannan don wa aka ɗinka tantin? Don mai kwana a Sikotilan ko Norwe, inda ruwan sama ba shi da lokaci, ga guguwa mai sanyi. Abin da ya sa shi tsada shi ne a samu rufin da ruwa ba ya ratsawa da sandunan da iska ba ta karyawa, kuma duk su ƙi yin nauyi. Ku a Disamba za ku fita, tsakiyar hunturu, kuma daga Nuwamba har Maris da wuya ɗigon ruwa ya faɗo a Kano. Za ka biya kuɗin maganin ruwan da ba zai zo ba. Ga shi yadinsa siriri ne ƙwarai, ba ya jure tsidau da ƙarangiya. Turakunsa na alminiyam suna lanƙwashewa a ƙasar rani da ta bushe ta yi tauri, ƙura kuma tana cin zif. Ranar da ka yi niyyar tafiya da damina, ko hawa tsaunukan Jos ko Mambila, ka sake rubuto min, a lokacin maganar tanti za ta taso da gaske.

Akwai abin da ya fi duk wannan, kuma shi na fi so ku uku ku riƙe. A bidiyon da kuke kallo za ku ga Bature ya ratse daji da yamma ya kafa tanti ba wanda ya sani. Kada ku gwada haka a nan. Samari uku baƙi, a bayan gari, bayan magariba, suna haska tocila, a zamanin da ƙauyuka ke kwana da ido ɗaya saboda ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, ana iya yi musu mummunar fahimta kafin su buɗe baki. Jigawa tana cikin jihohin da suka fi kwanciyar hankali a Arewa, amma mutanenta ma suna jin labarin abin da ke faruwa a maƙwabta, kuma suna da gaskiya in suka tsargu. Ku isa garin da za ku kwana da la'asar. Ku yi salla a masallacin garin, ku nemi a raka ku wurin mai unguwa ko dagaci, ku gaishe shi yadda ya kamata, ku faɗi daga inda kuke da inda kuka nufa. Ku nuna katin makaranta da na ɗan ƙasa. In za ku iya karɓo 'yar takarda daga mai unguwarku kafin ku taso, ya fi. Galibi za a ba ku zaure, ko barandar makarantar firamare, ko wani ɗaki da ake sauke baƙi. In kun fi son kwana a waje, to a nuna muku wuri a cikin gari, 'yan sintiri su san da ku. Da safe ku koma ku yi godiya da sallama, ku kuma tambayi halin hanyar da ke gabanku, don mutanen gari sun fi taswirar waya sanin ta. In kun yi haka rufi ya samu. Saura abin da zai raba ku da ƙasa da sauro da sanyi.

Da asuba a hunturu sanyin Kano yakan sauka digiri 12 ko 13, wani daren ma ƙasa da haka. Wanda bai taɓa kwana a waje ba yana zaton bargo ne maganinsa, sai ya jibga abin rufa ya kwana yana karkarwa. Ƙasa ce ke zuƙe ɗumin jiki, daɓen siminti ma ya fi ta, kuma bargon da ka danne da bayanka ya matse, ba sauran iskar da zai riƙe maka zafi da ita. Saboda haka abu na farko da za ka saya shi ne shimfiɗar soso mai tauri, irin wadda masu motsa jiki ke naɗewa, mai kaurin kamar santimita ɗaya. Ba ta kai rabin kilo ba, ba ta da tsada, ƙaya ba ta yi mata komai. Wadda ake hura wa iska ta fi laushi, amma ƙaya guda ta isa ta sauke ka kan ƙasa tsakar dare.

Na biyu yana gidanku: gidan sauro mai magani, irin wanda ake rabawa a asibitoci. Ka haɗa da siririyar igiya kamar mita 10 don ɗaurewa a ginshiƙi ko reshe ko jikin kekunanku. Sauro yana raguwa da hunturu amma bai ƙare ba, musamman kusa da kogin Wudil da wuraren noman rani. Ka cusa gefen gidan sauron ƙarƙashin shimfiɗarka ta ko'ina, don wannan ne zai hana kunama shigo maka, kuma da safe ka kakkaɓe takalmi kafin ka zura ƙafa. Ɗan tamfol mara kauri, mita 2 da mita 3, guda ɗaya ya ishe ku ku uku: ku shimfiɗa shi a ƙasa, ko ku ɗaure shi ta gefen arewa maso gabas inda iskar hunturu ke bugowa.

Abin rufa kuwa, ka zaga wurin 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai, akan dace da jakar barci. A jikin masu kyau za ka ga an buga lambobin sanyi har uku. Ka duba mafi girma a ciki, ita ce ke nuna sanyin da mutum zai yi barci cikin daɗi. Mafi ƙanƙantar tana nufin sanyin da mutum zai kwana a wahale ya dai tsira da rai, kuma da ita mai sayarwa zai so ya ruɗe ka. Wadda aka rubuta wa digiri 10 ta wadatar. Ka wanke ta, ka shanya ta yini guda a rana. In ba ka samu ba, siririn bargo mai laushi ya yi, ka kwanta da rigar sanyinka da hula da safa. Babban bargon nan na kan gado mai zanen fure ka bar shi a gida, shi kaɗai ya fi tantin gama-gari nauyi, ga cin wuri.

Yanzu ga inda kuɗinka zai tafi: keken. Ban taɓa jin tafiyar keke ta watse don tanti ya yi nauyi ba, amma taya da kariya, wato ƙarfen ɗora kaya na bayan keke, da ƙafar baya sun sha mayar da mutane gida a bayan a-kori-kura. Ka sayi taya biyu sababbi masu kauri in naka sun suɗe, a nan kada ka nemi mara nauyi ko kaɗan, don ƙayar bakin titi ba ta raga wa siririyar taya. Ka karanta lambar da ke jikin tayarka. In inci 26 ce, ko 28 irin ta Rali da Fonis, za ka iya samun tib a garuruwan hanya. In 27.5 ce ko 29 ko 700, to daga Kano za ka taho da abinka, har guda biyu. Ka duba bawul ɗin ma. Kekunan gwanjo da yawa suna zuwa da siririn bawul mai ɗan kai da ake murzawa, wanda injin mai faci na bakin hanya ba ya kamawa. Mai kauri irin na mota da babur shi ne ko'ina za a iya yi maka iska. In naka siririn ne, ka sayi ɗan ƙarfen da ake ɗaura masa ya koma irin na mota, ka ajiye shi tare da kuɗinka don kada ya ɓace.

Kariya ta zama mai ƙafafu da aka ɗaure da kusoshi a jikin keken kusa da gindin ƙafar baya. Irin wadda ke maƙale a sandar sirdi kaɗai ba ta wuce ɗaukar kilo 10, kuma tana lilo. Masu kyau ana buga musu iya nauyin da za su ɗauka a jiki, sau da yawa kilo 25. In sai mai walda ne zai haɗa maka, ba laifi, za ta fi nauyi amma za ta kai ka ta dawo da kai. Ka kai keken wurin gwanin mai gyara mako biyu kafin tafiya, ba ana gobe ba, ya ɗaure wayoyin ƙafar baya su yi daidai, don a nan nauyi ke taruwa kuma a nan suke tsinkewa. Ya duba robar birki da wayar birki da sarƙa, ya daidaita giya. Ka tsaya a kansa yana yi, ka sa ya koya maka cire ƙafar baya da yin faci da hannunka. Tsayin sirdi kuma: ka ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa, ƙafarka ta miƙe sosai. Sirdin da ya yi ƙasa shi ke kawo ciwon gwiwa a rana ta biyu, mutum ya ɗora laifin a kan kaya.

Kayan gyara ku raba su, kada kowa ya ɗauko nasa: famfo ɗaya mai kyau, faci da sholisho sabo wanda bai bushe ba, ƙarafan ɓanɓare taya, sifana mai lamba 15 da mai lamba 10, makullai masu kusurwa shida masu lamba 4 da 5 da 6, filaya, wayar birki guda, da tsumma. Man sarƙa kaɗan, mara kauri. Kada ka zuba baƙin mai, ƙurar hunturu za ta manne masa ta cinye sarƙar. Kowace yamma ka goge ta da tsumma ka ɗiga kaɗan. Ka yanko tsohon tib ka yi robar ɗaure kaya kamar yadda masu kai kaya kasuwa ke yi, ba wata igiyar kanti da ta fi ta riƙo.

Kada ka goya jaka a baya. Zufa za ta jiƙa ka, kafaɗa ta ƙage, kuma duk nauyin a mazaunanka zai sauka. Jakunkuna biyu da ke rataye a gefen kariya su ne daidai, kuma ba sai na waje ba. Mai ɗinkin jaka ko tamfol zai haɗa maka su da kanbas, ka sa ya saka wani abu mai tauri a bangon da ke fuskantar taya don kada jakar ta shige cikin wayoyi, ka kuma je masa da keken a gwada a tabbatar dunduniyarka ba ta bugun ta. Abu mai nauyi a ƙasan jaka, hagu da dama su yi daidai. Shimfiɗa da abin rufa a saman kariya, a ɗaure su a tsaye bisa tsawon keken. In ka gicciye su, ko ka tara kaya suka yi tsiri, iskar hunturu ta samu abin kamawa, kuma duk tirelar da ta wuce za ka ji ta fizge ka.

Tufafi su ne inda sabon matafiyi ke cika jaka ba dalili. Jesin ƙwallo biyu masu dogon hannu, ɗaya a jiki ɗaya a wanke, iskar hunturu za ta busar da ita kafin ka gama cin abinci. Wando mara nauyi biyu, ban da jins, ɗinkinsa mai kauri zai saluɓe maka fata. In ka samu gajeren wandon masu keke mai soso a gwanjo ka sa shi daga ciki, ya cancanci kuɗinsa. Rigar sanyi ɗaya, hular sanyi, safar hannu don fitar asuba, takunkumi da tabarau saboda ƙura. Ka saka kaftani ɗaya mara nauyi da hula, don da shi za ka shiga masallaci ka kuma je gaban dagaci, ana karɓar baƙo da irin shigar da ya zo da ita. Takalmi kambas a ƙafa, silifas a jaka. Ɗan man kaɗanya a ƙaramin gwangwani zai yi maka aikin leɓe da hanci da dunduniya da inda sirdi ke gurza. Sallaya siririya ta isa, gorar ruwanka ta tsaya a madadin buta. Tafiyar taku ta haura mil 48 da malaman Malikiyya suka ƙayyade, saboda haka ƙasaru ya halatta muku.

Risho da tukunya da gas ku manta da su. Ba garin da za ku ratsa da ba mai shayi, ba mai ƙosai da koko, ba mai shinkafa da wake. Abin da za ka riƙe shi ne na tsakanin gari da gari: dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, ɗan kilishi, garin kwaki da sukari. Ka riƙa ci kaɗan-kaɗan tun kafin yunwa ta kama ka, don in ta riga ka ƙafa mutuwa take yi lokaci guda. Ruwa shi ne abin da ba a yi masa rowa. Hunturu yana yaudara, zufa tana bushewa kafin ka gan ta, sai ka zaci ba ka rasa komai ba. Lita 2 zuwa 3 a kan keke, ka cika a duk garin da ka samu ruwan leda ko na burtsatse. In fitsarinka ya yi duhu, ko kai ya fara sara, ka tsaya a inuwa ka haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada ku yi wanka a kududdufi ko dam saboda tsargiya. Kuma ina roƙonka, duk wanda ya miƙo maka ƙwaya ya ce tana kashe gajiya, ko abokinka ne, ka ƙi. Maganin gajiya a tsaya a huta. Farasitamol da filasta da bandeji da aidin sun isa.

Waya, ƙaramin fawa bank, tocilar goshi. Ka sauke taswirar hanyar a Google Maps tun kana gida. Faifan sola ba ka buƙatarsa, masu cajin waya suna ko'ina. Kuɗi ka canza su ƙanana ka raba wuri biyu. Abu biyu kuwa kada tsada ko nauyi su hana ka: hular kwano, da jar fitila mai ƙyaftawa a baya, a kunne ko da rana, tare da riga mai ƙyalli. In hazo ya sauko direba ba ya hango mai keke sai ya zo dab da shi. Daga Kano zuwa Wudil, kimanin kilomita 40, hanya ce ta tireloli da tankoki, kuma ranar Juma'a kasuwar shanu ke ci a Wudil, motocin dabbobi sun cika titi. Ku kauce wa ranar. Ku tashi in gari ya waye sosai, kada ku tuƙa bayan faɗuwar rana, wadda a Disamba wajen ƙarfe 6 take yi. Kilomita 50 zuwa 60 a yini ya ishi sabon shiga da kaya, kuma tunda Birnin Kudu tana da nisan kimanin kilomita 130 daga Kano, kwana biyar ɗin da kuka ware kusan duka a hanya za su ƙare, sai ku ƙara yinin da za ku ba Dutsen Habude da Dutsen Mesa, inda zanen yake. Ku nemi mai kula da wurin ya zaga da ku, kada ku taɓa zanen shanun nan da hannu, kada kowa ya rubuta sunansa a jikin dutse.

In ka haɗa komai, ka kai wurin mai sikeli ka auna. In ya wuce kilo 10 ban da ruwa, ka zazzage a tabarma ka cire duk abin da ka saka don "ko da wani abu zai faru". Daga nan ka ɗaure kayan kamar ranar tafiya, ka yi kilomita 30 ka dawo, ka kwana a tsakar gida a kan shimfiɗar da gidan sauron. A wannan daren za ka gane abin da ke kwancewa, abin da ke bugun ƙafa, da ko abin rufarka ya isa. Makonni uku kafin tafiya ka riƙa hawa kullum, ko na awa ɗaya ne. Rashin wannan ne zai iya sa ka zame wa abokanka kaya.

Shi kuma abokin naka, kada ka riƙe shi a zuciya. An yi masa kyauta yana ɗoki, ya zo da tantinsa ya ji daɗinsa. Ku dai yi yarjejeniya tun a gida cewa wanda ya fi kowa jinkiri shi ke gaba, kuma in ɗaya ya kasa, duka kun tsaya, a ɗora kekuna a mota a dawo ba gori.

Mahaifiyarka ka sanar da ita yau, kafin ka sayi ko faci. Ka zauna ka faɗa mata garuruwan da za ku kwana, da cewa a hannun masu gari za ku sauka, ka ba ta lambobin abokan tafiyarka, ka yi mata alkawarin kira kowace magariba. In ta yi jim, ka nemi kawunka ko wani babba da take jin maganarsa ya sa baki. In ta ce iyakarka Wudil ka kwana ɗaya ka dawo, ka karɓa da hannu biyu, kayan da ka haɗa ba za su lalace ba kafin hutu na gaba. In ta hana gaba ɗaya, kada ka saci jiki. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.